Tawali'u da albashin wata 4, amsa ga ɗana shofer

Ɗana na ga tambayarka, na bari sai na samu zama ne don ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Bari in maimaita ta a gajarce saboda sauran masu karantawa. Kai shofer ne wurin wani ɗan kasuwa nan Yamai, ikilisiyarku ɗaya da shi, wata 4 ke nan bai baka albashi ba, mai gida na bin ka kuɗin haya, iyalinka ga ciki. Ka kai kuka wurin wani dattijon ikilisiya sai ya buɗe maka Matiyu 5:5, yace masu tawali'u ne za su gaji duniya, ka yi shiru ka bar wa Allah. Yanzu kana tambaya ko zunubi ne ka nemi kuɗinka, in kuma haka tawali'u yake to mi ya raba shi da wauta.

Ba zunubi ba ne, ka nemi kuɗinka. Amma in na tsaya nan na cuce ka, don akwai irin neman da zai maida kai mai gaskiya ka zama mai laifi. Kuma ayar da dattijon ya karanta maka gaskiya ce tsantsa, inda ya ɗora ta ne ba wurinta ba.

Mu fara da Musa tunda shi ne Littafi Mai Tsarki yace ya fi kowa tawali'u a doron ƙasa, Ƙidaya 12:3. Mutane sun haddace ayar amma basu karanta abin da ke kewaye da ita. Yayarsa Maryamu da wansa Haruna ne sunka shiga gulmarsa kan matar da ya aura mutuniyar Kush, daga zancen mata sunka zarce kan abin da ke cin su da gaske, wai ta bakin Musa kaɗai Ubangiji ke magana ne, mu fa? Ka bi babin tun daga sama har ƙasa, Musa bai ce uffan ba don kare kansa. Allah ne ya kira su su uku bakin alfarwa ya yi musu magana, girgijen na tashi sai ga Maryamu da kuturta fari fat. Maganar da ta fito bakin Musa a babin duka addu'a ce, ya roƙi Allah ya warkar da ita, ita wadda yanzun nan ta gama cin naman shi. Ta yi kwana 7 bayan zango, jama'a basu tashi ba sai da ta dawo.

To wanga Musa ɗin dai shi ne ya riƙa shiga gaban Fir'auna yana cewa a saki mutanen Allah, shi ne ya sauko daga dutse ya iske ɗan maraƙin zinariya ya farfasa allunan ya ƙone maraƙin ya niƙe shi gari ya watsa a ruwa ya sa su sha, Fitowa 32. Ka ce wannan mai sanyin jiki ne? Kuma ba haihuwarsa anka yi da halin ba, da fari da ya ga Bamasare na dukan ɗan'uwansa kashe shi ya yi ya turbuɗe cikin rairayi, sai da ya yi shekara 40 yana kiwon garken surukinsa a Madayana kafin a aike shi. Abin da zaka lura shi ne in mutuncin Musa kaɗai anka taɓa sai ya ja bakinsa, in sunan Allah anka taɓa ko anka danne jama'a sai ya miƙe tsaye.

Na san ayar da za a jefo maka ta biyu, Matiyu 5:39, wanda ya mare ka a kuncin dama ka juya masa ɗayan. Toh shi wanda ya faɗi maganar an mare shi ai, mu duba yadda ya yi. Yahaya 18:22-23, daren da anka kama shi, yana gaban Hanana ana yi masa tambayoyi, wani dogari ya ɗauke shi da mari yace haka kake amsa wa babban firist? Yesu bai rama ba, bai zage shi ba, bai kira wuta daga sama ba, amma fa bai yi shiru ba. Yace in mugun abu na faɗa ka kawo shaida, in kuwa daidai na faɗa don mi ka mare ni. Tambaya ce ta shari'a sak, gaban kowa, da hannuwa a ɗaure. Da gari ya waye gaban Hirudus kuma bai ce komai ba ko da yake an yi ta tambayar sa, Luka 23:9. Kaga maganar da shirun duk zuciya ɗaya sunka fito, donc ba a auna tawali'u da yawan shirun mutum. Haka Matiyu 21, aya 5 ga shi bisa jaki ana ce da shi sarki mai tawali'u, aya 12 ga shi cikin Haikali yana kifar da teburan ƴan canji. Babi ɗaya.

Wanda ya fi kama da halin da kake ciki shi ne Bulus a Filibi, Ayyukan Manzanni 16. An tuɓe su shi da Sila, an yi musu dukan tsiya da sanduna a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, an jefa su kaso an sa ƙafafunsu a turu. Tsakar dare suna waƙa, ƙasa ta girgiza ƙofofi sunka buɗe, basu gudu ba, har Bulus ya hana mai gadin kason kashe kansa. Da safe mahukunta sunka aiko ƴan sanda wai a sake su su tafi salin alin. Bulus yace ina! Sun doke mu a fili ba shari'a alhali mu ƴan ƙasar Roma ne, yanzu kuma a ɓoye za su fidda mu? Su zo da kansu. Sunka zo kuwa, jiki na rawa, sunka ba su haƙuri. Ni a fahimtata ba don bayansa da ya fashe ya yi haka ba, don ƴar ƙaramar ikilisiyar da zai bari gidan Lidiya ya yi, kar gobe kowane ɗan sanda ya ga cewa dukan mai bi ba komai ba ne. Kuma wanga Bulus ne daga baya ya rubuta wa mutanen garin nan na Filibi babin da ya fi kowane zurfi kan tawali'u, Filibiyawa 2. Waɗanda sunka fara jin wasiƙar akwai masu tuna safiyar nan.

Yanzu ga inda dattijonku ya kauce, kuma ba shi kaɗai ba, ciwo ne da ya yi mana yawa. In ka bi wuraren da Sabon Alkawari ya fi nauyaya zancen ƙasƙantar da kai zaka ga daga sama abin ke gangarowa. Filibiyawa 2:6-8, wanda ke cikin surar Allah ne ya ɗauki surar bawa har ya kai ga mutuwar gicciye. Yahaya 13, aya 3 tace Yesu ya san Uba ya ba da komai a hannunsa, ya san inda ya fito da inda za shi, sannan ne ya tashi daga cin abinci ya tuɓe rigarsa ya yi ɗamara da tawul ya zuba ruwa a daro. Ka tuna ƙafar mutumin da ya yini a kasuwar Katako cikin silifa lokacin zafi, kaushi da ƙura da zufa, irin su ya bi ɗaya bayan ɗaya yana wankewa, har da ta Yahuza wanda ya riga ya ƙulla cin amanarsa. Aikin bara ne, shi ya sa Bitrus ya ƙi da fari. Markus 10:42-45 kuma, bayan ƴaƴan Zabadi sun nemi kujerun dama da hagu, yace masu mulkin al'ummai na nuna wa mutane iko amma ba haka zai zama tsakaninku ba. Duka wannan da manya yake magana. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, toh mai tsawo ake gaya wa hakan ai.

Don haka in dattijon na da ayar karantawa, gidan patro, wato ubangidanka, ya kamata ya fara kai ta. Yakubu 5:4 tace hakkin ma'aikatan da sunka girbe gonakinku wanda kunka danne yana kuka, kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Firistoci 19:13 ta hana lada ta ɗan ƙodago ta kwana hannunka har safiya. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 tace ka biya shi kafin rana ta faɗi don matalauci ne kuma ransa na kan kuɗin. Kwana ɗaya anka hana, kai kana maganar wata 4. Ban san dattijon ba kuma ba zan shiga zuciyarsa ba, amma na daɗe ina zama cikin komite na ikilisiya, na san yadda harshe ke nauyi in mai laifin shi ne ya sayi kwanon rufin majami'a, shi ke zama kan fotai, kujera mai taushi, a gaba sauran jama'a na bisa benci. Yakubu 2 ta yi zancen wannan fotai ɗin tun tuni, mai zoben zinariya a ce masa zauna nan, matalauci a ce masa tsaya can.

Sai dai ba zan ɓoye maka ayoyin da ke da wuya ba, don in na ɓoye wani zai fiddo maka su. 1 Korantiyawa 6:7, Bulus na faɗa da masu kai juna kotu yace don mi ba za ku gwammace a cuce ku ba. 1 Bitrus 2:18-23 na gaya wa barori su yi biyayya ko ga mugun ubangida, su dubi Almasihu da anka zage shi bai rama ba. Suna nan, ba a goge su ba. Akwai lokacin da mai bi zai bar hakkinsa da gangan saboda Ubangiji kuma abu ne mai daraja ƙwarai, Ibrahim ya bar wa Lutu ya zaɓi ƙasa alhali shi ne babba. Amma kyauta ce mutum ke yi da ransa, wanda zai ci ribar ba shi da bakin da zai tilasta maka. Ka kuma ƙarasa karatun 1 Korantiyawa 6, aya 5 Bulus ikilisiyar yake kunyatawa, wai ba mai hikima ko ɗaya cikinku da zai sasanta ƴan'uwa? Aya 8 kuma ya juya kan masu cutar kansu. Barorin da Bitrus ya rubuta wa kuwa yawanci bayi ne, basu da ƙofar fita basu da inda za su kai ƙara, yana koya musu yadda za su tsaya da bangaskiya cikin abin da ba za su iya sakewa ba. Kai kana da ƙofa. Sannan kuɗin ba naka ba ne kai kaɗai, cefanen matarka ne da awon ciki da haya, 1 Timoti 5:8 bata yi wa mai sakaci da iyalinsa da sauƙi ba. Yafe abin da yake na bakin wani ba tawali'u ba ne.

Toh yanzu bari in juyo kanka, don na ji zafi cikin rubutunka, wurin da kace sai ka tona masa asiri kowa ya san ko shi wane ne. Nan ne gwajinka yake. Mu nan mun iya ladabi, mun iya cire takalmi da durƙusawa da ranka ya daɗe, mutum zai duƙa har ƙasa ya gaida ka, yana juya baya ya kira ka da sunan da kare ba zai ci ba. Bulus ya san irin wannan, a Kolosiyawa 2:23 ya yi zancen ƙasƙantar da kai na ganin ido da ba ya kashe komai cikin zuciya. Kuma kar ka ɗauka girman kai ciwon masu kuɗi ne kaɗai. Bafarisiyen nan na Luka 18 ba da dukiya ya yi taƙama ba, da adalcinsa ya yi, na gode Allah ni ba kamar sauran mutane nake ba, kuma abin da ya lissafa na azumi da zakka ba a ce ƙarya ya yi ba. Wanda anka zalunta na iya faɗawa ramin nan cikin sauƙi, tunda gaskiya na hannunsa sai ya ga komai ya halatta gare shi, ya sa murya a WhatsApp ta zaga duk unguwannin Bukoki da Lazare, ya haɗa har da matar mutumin da ƴaƴansa da basu ci masa ko dala ba.

Akwai labarin da iyayen ikilisiya na hamadar Masar sunka bari kan wani da ake kira Musa Baƙi, ƙarni na 4, da can ɗan fashi ne kafin ya tuba. An kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi, ya ƙi zuwa, anka sake aikowa, sai ya taho da kaya mai yoyo a bayansa, wasu sun ce kwandon rairayi wasu sun ce tulun ruwa. Anka tambaye shi miye haka baba, yace zunubaina ne ke zuba bayana ban ganin su, ga ni kuma na zo yi wa wani shari'a. Zaman ya watse, anka yafe wa ɗan'uwan. Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta wa wani saurayi cewa hanyar kaiwa ga gaskiya ta fari tawali'u ce, ta biyu tawali'u, ta uku tawali'u, dalilinsa kuwa shi ne sauran zunubai cikin mugun aiki ake jin tsoronsu, girman kai kuwa har cikin aikin kirki yake laɓewa. Wanga dalili nasa ya fi jerin ukun amfani a wurina.

Can ƙasarmu ta Adar, wani ƙauye tsakanin Tawa da Galmi, na san wani tsoho mai bishara, ya rasu yanzu. Ya taɓa aikin share-share a asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, karatunsa bai wuce na Hausa ba, Littafinsa Mai Tsarki tsohon juyin nan ne na 1932 naɗe cikin ƙyallen atamfa ɗaure bayan keke da robar taya. Ranar kasuwa samari kan tsokane shi, wani har ya taɓa kaɓe masa hula ta faɗi cikin kwatar masu albasa, ya duƙa ya ɗauka ya kakkaɓe ya tambayi yaron ya jikin babanka, don shi ya raka uban asibiti satin da ya wuce. Amma ranar da dangin miji sunka so ƙwace gonar wata gwauruwa, wadda ma ba Kirista ba ce, tsohon nan ya je ƙofar maigari ya zauna a ƙasa ya cire takalmi, da murya ƙasa-ƙasa ya riƙa kiran sunayen waɗanda sunka ga an sa iyakar gonar, ɗaya bayan ɗaya, anka ce ya tashi ya ƙi, anka ce ba ruwansa yace da ruwansa. Ana la'asar yana nan zaune. Gonar ta tsaya hannun matar.

Mu da ke Yamai mun ga abin a babba ma. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari 17 nan Yamai, anka ƙone majami'u da dama, rayuka sunka salwanta. Shugabannin ikilisiya sun ce an yafe, ba a ɗauki fansa ba, kuma kar mu manta maƙwabta Musulmi da sunka ɓoye Kiristoci cikin gidajensu. Amma ba wanda yace abin da anka yi daidai ne, ba a kuma daina sujada ba, an sake gini. Romawa 12:19 ramuwa ta hana, bata hana a kira mugunta da sunanta ba.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka samu kaye, littafin rubutu, ka rubuta watannin da adadin kowane wata, in ya taɓa baka abansi ko na jika 5 ne ka sa ka cire, in akwai canjin esansi da ya rage hannunka ka sa shi ma, kar ka ƙara ko tamma don haushi. Ka yi addu'a kafin ka je, har da addu'a dominsa, na san da ɗaci amma Matiyu 5:44 bata ba mu zaɓi ba. Sannan ka bi Matiyu 18:15-17 yadda take, ka same shi shi kaɗai, ba gaban ƴan buro ba, ba kuma bakin majami'a ranar Lahadi ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka nuna masa kayen, ka tambaye shi rana. Ka bar masa wurin magana don mai yiwuwa kasuwa ce ta karye masa kunya ta hana shi faɗa, in haka ne sai ku yi yarjejeniya ya riƙa biya kaɗan kaɗan a rubuce da sa hannu. In ya yi maka hanya-hanya ka koma da mutum ɗaya ko biyu masu mutunci, ba abokan fadarka ba. In ya ƙi su ka kai wa pasto da komite a rubuce, kace 1 Korantiyawa 6:5 ce ta kawo ka. Duk tsawon wanga lokaci motarsa amana ce hannunka, kar ka riƙe makulli ko takardun mota a matsayin jingina, kar ka ɗauki fasinja a ɓoye kace kana rage bashi.

In ikilisiya ta kasa ko ta ƙi, akwai inspeksiyon ta aiki, hukumar da ke duba hakkin ma'aikata, su ma da sulhu suke farawa, sai ya gagara ake zuwa kotun ma'aikata. Wasu malamai za su ce maka kar mai bi ya kai ɗan'uwa can ko ta halin ƙaƙa, ina girmama su amma ban bi su ba, mutumin da ya ƙi jin ɗaya ya ƙi jin uku ya ƙi jin ikilisiya, Matiyu 18:17 da kanta ta sake masa matsayi, Romawa 13 kuma tace hukuma ma'aikaciyar Allah ce. Ka gaya wa pasto kafin ka je don kar ya ji a bakin wani.

Dattijon kuma kar ka daina gaishe shi, kar ka tura masa wannan rubutu don ka kunyata shi. In za ka koma da shaidu, shi ka fara roƙo ya raka ka gidan patro.